Yaya da Farantansa na Irin Latas

Idan aka tambayi Yaya aikin da yake yi, ba ya kwana-kwana. Sai ya dubi mutum ya ce, "Ruwan da ka yi wanka da shi jiya, da wanda ka kora a bayi, duk wurina suke zuwa." Haka ya faɗa a gidan surukansa ranar da muka je gaisuwar farko, ina tsaye a bayansa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifin yarinyar ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ko ba komai dai yaron ba maƙaryaci ba ne. Da wannan aka ba shi mata, yau shekara ashirin da shida ke nan.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma Auta yake kira na har yau da nake da jika. Ban gaji haƙurinsa ba, wannan kowa ya shaida. Ni in abu ya ɓata mini rai sai unguwa ta ji. Shi kuwa sai ya yi shiru yana sosa ƙeya, har ka gaji da faɗanka ka fara jin kunya.

Da manjagara ya fara aiki a matatar ruwan datti ta garinmu. Inda babban bututun gari yake shigowa akwai ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, su ke tare duk abin da mutane suka kora. Aikinsa shi ne ya tsaya da takalmin roba yana kwashe abin da ya maƙale: tsumma, leda, cokali, takalmin yara, har haƙoran roba na wani bawan Allah ya taɓa tsamowa. Shekara tara ya yi a wurin. Matarsa ta sa aka gina ɗan banɗaki a bakin ƙofar gida, ta kafa doka cewa ba ya taka tsakar gidanta sai ya yi wanka ya sauya kaya. Takan ce mini, "Ni fa ba yayanki na aura ba, sabulu na aura." Tana faɗa tana ajiye masa abinci da ruwan sanyi, don duk tsiyar da take yi masa ba ta yarda wani ya taya ta.

A lokacin, mu masu lambu da ke gangaren matatar da ruwan kwata muke ban-ruwa, ba don muna so ba. Rijiyoyinmu sun ja baya, wasu sun yi gishiri. Hannuwanmu kullum cikin ƙaiƙayi, yara ba sa rabuwa da ciwon ciki, a kasuwa kuma in aka ji daga inda kayanmu suka fito sai a taɓe baki a wuce. Sai aka zo aka ƙara wa matatar sabon sashe. Bayan an hura wa ruwan iska, laka ta kwanta, sai ya bi ta cikin tankin yashi ya tace, ya wuce ta ƙarƙashin wasu dogayen fitilu masu shuɗin haske da ke kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya zuba a manyan tafkuna uku na siminti. Kowane tafki ruwa yana kwana uku a ciki kafin a sake shi a magudanar da ta gangaro lambunanmu. Ranar da na fara ganinsa ya iso, garau har kana hango tsakuwa a ƙasa, na zauna a bakin magudanar na yi ta kallo kamar wata sakarya.

A ƙofar ƙarshe aka ajiye Yaya, inda ake murɗa wani babban bawul mai kai irin sitiyarin mota a saki ruwa. Ba don girmamawa aka kai shi can ba. Cewa aka yi murɗa bawul ba ya bukatar takardar makaranta, ga shi kuma gwiwarsa ta fara ciwo. Ɗakin gwaji su auna ruwa, su rubuta takarda, Injiniya ya sa hannu, Yaya ya murɗa. Iyakar abin da aka ɗora masa ke nan.

Ni sana'ata renon dashe. Ina da fangali goma sha ɗaya, wato 'yan gadajen nan na ƙasa da ake yafa iri a ciki, inda nake tayar da tumatir da tattasai da kabeji har su isa cira, masu manyan lambuna su zo su kwasa. Dashe kamar jariri yake, safe da yamma sai ya sha. Wata rana Yaya ya biyo ta lambuna ya ce in ɗiba masa irin latas a takarda.

"Lambu za ka fara da tsufanka?" na tambaye shi.

"A'a. Tambaya zan yi."

"Wa za ka tambaya?"

"Ruwan. Su ɗakin gwaji suna tambayarsa ko zai sa mutum ciwo. Ban ga mai tambayarsa ko shuka za ta so shi ba."

Na yi dariya na ba shi. Ashe da gaske yake. A ƙarƙashin matakalar ɗakin injin ya sami wani lungu, ya kafa katako, ya kwaso ƙananan farantan shayi daga kicin ɗin matarsa, abin da ya jawo masa kwana biyu na gori. Duk ranar da tafki ya cika sai ya shimfiɗa auduga a faranti, ya jiƙa ta da ruwan tafkin, ya jera ƙwayar iri ashirin da tsinken ashana, ya rufe. Kafin ruwan ya cika kwana ukunsa, irin ya tsage ya fito da farar saiwa. In ya ga saiwa ta miƙe, ya murɗa bawul da kwanciyar hankali.

Sau ɗaya abin ya kunyata shi. A shekararsa ta biyu ya buɗe faranti ya ga ko ɗaya bai tsiro ba, ya hana ruwa yini guda, aka yi ta kai-kawo. Daga baya aka gane zafin injin ne ya dafa irin, ruwan lafiyarsa ƙalau. Ranar ce ma'aikata suka laƙa masa suna Likitan Latas, kuma ni ma na taya su, ban ɓoye ba. Bai yi fushi ba, bai kuma daina ba. Ya mayar da katakon jikin bango mai sanyi, daga ranar kuma faranti biyu yake yi: ɗaya da ruwan tafki, ɗaya da ruwan famfon da muke sha, iri ɗaya, wuri ɗaya. In duka biyun suka ƙi, laifin iri ne ko zafi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, ba wanda ya sa shi, ba a kuma taɓa ce masa sannu ba.

Abin da nake so in ba da labari ya faru ne a tsakiyar zafi, lokacin da dashena yake da sati uku. Ganye huɗu-huɗu, kore shar, saura kwana goma a fara cira, kuma kowane fangali da mai shi. Da safe na je na buɗe bakin ruwana na tsaya jira. Rana ta ɗaga, magudana a bushe. Na kira Yaya a waya.

"Auta, yau ba ruwa," ya ce.

"Inji ne ya lalace?"

"Inji lafiya lau. Ni ne ban buɗe ba."

"Saboda me?"

"Farantin bai yi mini ba."

Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Yinin ranar da jarka na yi ta jido daga famfon bakin titi, ni da 'yata, layi har ya zagaya kwana don kowa can ya nufa. Famfo ɗaya ba ya shayar da lambuna sittin. Abin da muka samu da ƙyar ya jiƙa fangali biyu. Washegari ma ba ruwa. Da azahar ɗin rana ta biyu dashen ya fara sunkuyar da kai, ganyen ya yi laushi kamar tsumma.

A rana ta uku masu lambu suka taru a ƙofar matatar, mutum ya fi arba'in, kowa da abin da yake faɗa. Shugabanmu, wani dattijo mai noman albasa, ya juyo ya ce mini, "'Yar nan, ke ce jininsa. Shiga ki yi masa magana, wataƙila ya ji taki." Ban jira an maimaita ba, dama zuciyata ta kawo wuya.

Na same shi a ɗakin injin tare da Injiniya. Injiniya mutumin kirki ne, amma ranar wayarsa ba ta daina ƙara ba, gumi ya jiƙa masa riga. Takarda ce a hannunsa yana nuna wa Yaya.

"Baba, dubi nan. Ƙwayar cuta babu. Gishiri daidai. Ruwa garau. Me zan ce wa na sama? In ce latas ne ya hana?"

"Ka ce ni na hana, ranka ya daɗe."

"In kuma irin na wancan karon ne fa?"

"Sai ka sallame ni. Amma da hannuna ba zan murɗa ba. Ga bawul can, ba kulle yake ba."

Injiniya ya dubi bawul ɗin ta taga, bai motsa ba. Ni kuwa na samu ƙofa. Na yi wa Yaya wankin babban bargo a gaban maigidansa. Na ce masa shi albashinsa na tafiya ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Na ce mutum bai yi karatu ba ya zo yana ƙaryata masu karatu da farantin shayi. Na ce ashe wanda ya goya ni zuwa makaranta shi ne zai tsaya yana kallo abincin 'ya'yana ya ƙone. Wannan ta ƙarshen ta shige shi, na gani a fuskarsa, kuma a lokacin daɗi na ji.

Bai rama ba. Ya ce, "Auta, zo ki gani. Ke kin fi ni sanin saiwa."

Ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwar, ya zaro faranti huɗu ya jera a kan matakala. Na farko na ruwan famfo ne: saiwa fara tas, dogaye, masu ɗan gashi-gashi, sun kama audugar. Sauran ukun na tafkuna uku ne. Irin ya tsage, ya yi ƙoƙarin fitowa, amma saiwar ta tsaya guntuwa, ta kumbura, ta murɗe kamar ƙugiya, bakinta ya yi ruwan ƙasa. Ashirin-ashirin, ba ko ɗaya da ya tsira.

Na san wannan murɗewar. Shekarun baya wani maƙwabcina ya yi wa tumatirinsa feshi da tankin da aka zuba maganin kashe ciyawa ba a wanke ba. Haka tsiron ya nannaɗe, kuma ba a nan abin ya tsaya ba: wurin ya yi shekara biyu duk abin da aka dasa sai ya fito a karkace. Na ɗaga faranti ɗaya na kai hanci. Ba wari, ba komai, ruwa kamar ka sha.

"Yashi ba ya tare shi, fitila ba ta kashe shi," in ji Yaya a hankali. "Ban san ko mene ne ba. Na dai san ga abin da ya yi wa waɗannan."

"In ba ka buɗe ba dashena zai mutu."

"Na sani."

"In ka buɗe kuma ƙasar ce za ta tafi."

Ya bar ni da abin da na faɗa da bakina. Wallahi na so a ce ban iya karanta saiwa ba, da na ci gaba da zaginsa hankalina kwance.

Injiniya ya matso ya tsuguna, ya daɗe yana duba farantan. Ya tambaye ni abin da na gani, na faɗa masa. Ya miƙe ya ce a ɗebi ruwan a kai babban ɗakin gwaji na wani gari, inda suke da na'urar gano irin waɗannan magunguna. Ya ce akwai wani ƙaramin tankin gawayi a bayan matatar da ba a cika amfani da shi ba, gawayin yana tsotse guba, a fara juya ruwan tafki ɗaya ta cikinsa. Tankin ƙarami ne, sai ya ɗauki kwanaki. Sannan ya ce, "Baba, na sa hannu a rufe. In mun faɗi, mun faɗi tare."

Saura mutanen waje. Na ɗauki faranti biyu, na famfo da na tafki, na fita da su. Ban yi dogon bayani ba, na miƙa wa Shugaba. Ya sa tabarau ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, farantan suka yi ta zagayawa hannu zuwa hannu. Duk manoma ne, ba wanda ya nemi a fassara masa. Hayaniyar ta mutu. Wani dai ya ce ai 'yar'uwarsa ce, dole ta kare shi. Na juya na ce masa fangali goma sha ɗaya gare ni suna mutuwa yanzu haka, in yana da abin da ya fi wannan a wuta ya fito ya faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Masu manyan shuka sun ji jiki amma saiwarsu ta yi nisa, sun jure. Ni kuwa kullum da safe sai in tarar wani fangalin ya kwanta. Muka zaɓi biyu ni da 'yata muka ce waɗannan za mu riƙe da jarka, sauran muka kawar da kai. Ban kira Yaya ba, shi ma bai kira ni ba. Na san yana da gaskiya, kuma haushinsa nake ji duk da haka, abin da har yau ban iya bayyana wa kaina ba. Matarsa ce ta zo ta taya mu jido yini biyu, ita da ba ta taɓa ɗaukar jarka a ka ba. Ta ce mini mutumin nata ba ya cin abinci, sai ya zauna ya tasa kwano a gaba.

A rana ta shida sakamako ya zo ta waya. Maganin kashe ciyawa ne, mai ƙarfi, irin wanda ke daɗewa a ƙasa. Daga baya aka bi sawu aka gano wani ɗakin ajiyar maganin ne a cikin gari aka wanke durom-durom ɗinsa aka kora a kwata. Injiniya da kansa ya fito ya gaya wa Shugaba, ya ƙara da cewa daga yanzu gwajin faranti ya shiga cikin dokar aiki, za a yi masa wuri a ɗakin gwaji. Aka ce da aka gaya wa Yaya, tambaya ɗaya ya yi, wai wa zai riƙa jera irin, don mutanen ɗakin gwaji gaggawa gare su.

Ko da sakamakon ya zo Yaya bai buɗe ba. Ya riga ya shuka sabon faranti da ruwan da ya bi ta gawayi, ya ce sai ya cika kwanansa uku. A rana ta bakwai da hantsi ina zaune a kan jarka a bakin lambu na ji masu lambunan da ke sama da mu suna ihu. Na miƙe na hango ruwa yana gangarowa a magudana, yana turo busassun ganye a gabansa. A gefen magudanar kuma ga Yaya, da kayan aikinsa da takalmin roba, yana ɗingishi yana bin bakin ruwan. Tun daga matatar ya biyo shi a ƙasa. Mutane suna ɗaga masa hannu suna yi masa kirari, bai ko waiwaya ba, har ya iso wurina.

Na buɗe bakin ruwana. Ruwan ya shiga fangali na farko, ya bi ta kan dashen da ya bushe ya zama kamar zare, ya ɗaga shi yana yawo da shi. Ya cika ya tsallaka na biyu, haka. Na uku, haka. Yaya yana tsaye yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi, har tara. Bai taɓa ganinsu ba sai ranar. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Auta," ya ce. "Ni na kashe miki su."

Duk maganganun da na tanada kwana huɗu suka gudu. Mutumin nan ya ceci lambuna sittin, gari na kiran sunansa, shi kuwa ya tako da gurguwar gwiwa ya zo ya tsaya a kan tara ɗin da bai iya ceta ba. Ban taɓa jin girman wani ɗan'adam a raina kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban iya faɗa masa ba, don ni bakina bai saba da irin wannan ba.

Na sunkuya na damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa daga fangalin farko, na kama hannunsa na zuba masa a tafi.

"Wannan zan iya shuka a cikinta yau?" na tambaye shi.

Ya murza ta da yatsa, ya gyaɗa kai. "Yau ɗin nan."

"To me kake tsaye kana yi mini kuka a lambu? Ga fartanya can."

Ya mayar da hularsa, ya goge fuska da hannun riga, ya je ya ɗauko ta.